Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Kwamfuta

'Yan'uwana ɗalibai, abin da nake so in yi bayani a kansa cikin wannan fitowa ta mujallarmu shi ne tsohuwar kwamfuta, watau irin wadda ake rufewa kamar littafi a saka a jaka, wadda ake kira tafi-da-gidanka, masu gyara kuma suke ce mata laftof. Dalilin zaɓen wannan magana ba ɓoyayye ba ne. Hukumar JAMB ta fara gwada jarrabawa da kwamfuta a shekarar 2013, daga 2015 kuma ta ajiye takarda da fensir gaba ɗaya. Ke nan duk wanda yake aji shida yau, ko daga Kaura Namoda ya fito, ko Shinkafi, ko Zurmi, ba makawa wata rana zai zauna gaban allo a ba shi tambayoyi 180 ya amsa cikin awa 2. Hukumar WAEC ma ta bi sahu a 2024 ga masu zana jarrabawa daga waje. Wanda kuma Allah ya ba shi shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Kaura, wadda aka kafa a 1983, zai tarar ba a karɓar aikin bincikensa na ƙarshe da rubutun hannu.

To, amma wa ke da kuɗin sabuwa? Tun daga watan Yuni na 2023 da aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024, kayan waje kuwa duk suka bi ta. Saboda haka kwamfutar da ke isowa hannun ɗan makaranta a wannan yanki namu galibi ta hannu ce. Wani ofis a Ingila ko Amurka ya yi shekaru yana aiki da ita, aka loda ta a jirgin ruwa zuwa Ikko, ta bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ta zo Kano, ta zo Gusau, sa'an nan yaya ko kawu ya saya, ya more ta, ya bar wa ƙane. Irinsu su ne Dell Latitude E6420 da Lenovo ThinkPad T420 na shekarar 2011, da HP EliteBook 8470p ta 2012, da EliteBook 840 wadda ta fara fitowa a 2013. Ka kunna ta, ka je ka yi alwala ka dawo, ba ta gama farkawa ba. Sai mai ita ya ce ai ta tsufa, ƙwaƙwalwarta ta gaji, ya tura ta ƙarƙashin gado.

Wannan hukunci yawanci zalunci ne. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta gajiya kamar ta tsoho. Abin da take iya lissafawa cikin daƙiƙa guda ranar da aka ƙera ta, shi take iya lissafawa yau. Nawar da kake gani daga wasu wurare take zuwa, kuma sa'ar da muka yi ita ce, a irin waɗancan kwamfutoci na ofis, waɗannan wurare duk ana iya kwance su a canza da sukudireba guda.

Bari in kawo misali da abin da kakanninmu suka sani. A shekarar 1929 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta ratsa Gusau ta iso Kaura Namoda, nan ne kuma ƙarshenta. Daga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi da Isa ake kawo gyaɗa da auduga da fatu bisa jakuna da raƙuma, a jibge a filin tasha, kana a loda wa jirgi. A cikin kwamfuta, jirgin shi ne ƙwaƙwalwa, wadda masu gyara ke kira farosesa. Filin tasha, inda ake baza kayan da za a loda yanzu-yanzu, shi ne abin da ake kira RAM. Rumbunan ƙauye kuwa, inda kaya ke kwana shekara da shekaru, su ne faifan ajiya. Yanzu ka duba: kome ƙarfin jirgi, in jakuna ne ke kawo masa kaya buhu bibbiyu, tsayuwa zai yi yana fitar da hayaƙi a banza. In kuma filin tasha ƙarami ne, ba ya ɗaukar kayan tarago biyu, dole a riƙa mayar da wasu buhuna ƙauye a sake ɗebo su. Mai kallo daga nesa sai ya ce jirgin ne ba ya gudu, alhali kuwa jira yake yi.

Kafin mutum ya kashe ko sisin kwabo, ya kamata ya tambayi kwamfutar da kanta inda ke mata ciwo. In Windows 10 ke kanta, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, wani shafi mai suna Task Manager zai buɗe. Ka shiga sashen da aka rubuta Performance, za ka ga ma'auni uku: CPU, shi ne ƙwaƙwalwa, Memory, shi ne RAM, Disk, shi ne faifai. Ka bar shafin a buɗe ka ci gaba da aikinka na kullum, kana leƙawa. A kwamfutocin da suka ratsa hannuna, abin da na fi gani shi ne faifai ya kafe a kashi 100, RAM yana wajen kashi 80 ko 90, ƙwaƙwalwa kuwa tana zaune a kashi 15 ko 20 tana hamma. Wanda ya ga haka ya riga ya san jirginsa lafiya lau yake, jakuna ne matsala.

Sai dai akwai wani ciwo da ya kamata a fara kawarwa, domin maganinsa kusan kyauta ne, kuma mu mutanen wannan yanki ya fi kamawa. Ƙura ke nan. Cikin kowace laftof akwai 'yar fanka da ke jawo iska ta ƙasa, ta hura ta cikin wasu siraran ƙarafa masu kama da haƙoran mataji, ta fitar da zafi ta gefe. Waɗanda suka ƙera ta sun yi lissafi ne da ofis mai sanyi da tagogi a rufe. Ba su san hunturunmu ba, sa'ad da hazo ke rufe gari tun daga Nuwamba har Fabrairu, ba su kuma san bazarar Afrilu ba, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 a inuwa. Ƙura da zaren bargo sukan taru a bakin ƙarafan nan su zama kamar auduga, iska ta rasa hanya. Ita kuwa ƙwaƙwalwa an ƙera ta da dabarar tsare kanta: da zarar zafinta ya kusa digiri 100, sai ta rage gudu don kada ta ƙone. In abin ya ci tura ta kashe kanta ɗungum. Alamar wannan ciwo ita ce kwamfuta ta fara aiki da kyau, bayan minti 10 ko 15 fanka ta kama kuka, gefen hagu ya yi zafi kamar kasko, kome ya tsaya cik.

Magani shi ne a buɗe, a share da busasshen buroshi mai laushi, a hure. Lokacin hurawa a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa da ƙarfin da ya wuce nata. Tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen jan ƙarfe da ke kwance a kanta akwai wani man shafawa mai launin toka wanda ke miƙa zafi daga wannan zuwa wancan. Bayan shekara 8 ko 10 yakan bushe ya zama kamar busasshiyar laka. Sai a goge tsohon sarai, a ɗiga sabo kamar ƙwayar dawa, a mayar da ƙarfen a ɗaure. Na ji ana cewa wai man goge baki ma yana yi. Ba ya yi. Ruwa ne a cikinsa, kwana kaɗan zai bushe ya bar ka cikin halin da ya fi na da muni. Kuma don Allah a daina ɗora kwamfuta kan katifa ko bargo ana kallon fim, domin hancinta a ƙasa yake. Ko faranti ne ka kifa, ko katako, ya fi.

Yanzu mu koma kan jakuna. Tsohon faifan ajiya, wanda ake kira had-dis, kamfanin IBM ne ya fara fito da irinsa a 1956. Na farkon ya kai girman manyan firji biyu, abin da yake ɗauka kuwa bai wuce megabait 5 ba, watau hoto guda ko biyu na wayar yau. An yi ta ƙanƙanta shi har ya koma tafin hannu, amma dabarar ba ta sake ba. Faifai ne na gaske a ciki, yana juyawa sau 5,400 a minti guda, ga kuma wani hannu mai allura da ke kai da kawowa a kansa yana neman abin da aka tambaya, kamar na garmaho. Duk sa'ad da ka buɗe wani abu, sai allurar ta tafi wurin, ta jira faifan ya juyo. Jiran bai fi kashi biyu cikin ɗari na daƙiƙa ba, ka ce ai ba kome. To, amma Windows kafin ta gama tashi tana neman dubban ƙananan abubuwa a warwatse. Tara wannan jira sau dubbai, ka ga inda mintocinka suke tafiya.

Sabon ma'aji, wanda ake kira SSD, ba faifai a cikinsa, ba allura, ba abin da ke motsi. Dangin katin ajiyar waya ne, sai dai ya fi shi sauri da ƙarko nesa ba kusa ba. Tsohon faifan laftof yakan miƙa wajen megabait 100 a daƙiƙa in yana cikin jin daɗi. SSD mai bakin SATA yakan kai 500 da ɗoriya, a tsofaffin kwamfutoci masu ƙaramar ƙofa kuma wajen rabin haka. Amma ba nan ne babban abin yake ba. Babban abin shi ne jiran nan na allura ya kau, abin da ake nema yana fitowa kusan sau ɗari fiye da saurin da. Kwamfutar da ke cin minti 2 ko 3 kafin ta tashi sai ta koma tashi cikin daƙiƙa 20 ko 30. Ban san wani gyara da ke canza halin tsohuwar na'ura kamar wannan ba, kuma in kuɗinka na abu guda ne tak, to, ka sayi SSD ka ƙyale sauran.

Yana da wani amfani kuma da ya dace da mu ƙwarai. Faifai mai juyawa ba ya son jijjiga. Ɗalibin da ke goya jakarsa a bayan babur daga Moriki ko Dauran zuwa Zurmi, ko daga Jangeru zuwa Shinkafi, kan hanya mai ramuka, kullum cikin caca yake da ajiyarsa, balle in bai kashe kwamfutar sosai ba. SSD bai damu da rami ba. Ga shi ba ya cin wuta da yawa, ba ya ƙara zafi.

Wajen saye, a lura da siffa. Kwamfutocin 2011 da 2012 suna karɓar mai faɗin inci 2.5, wanda ke shiga daidai gurbin tsohon faifai. Na baya-bayan nan suna da wata 'yar ƙofa mai suna M.2, inda ake soka wani siriri kamar tsinken cingam. Shi ma kashi biyu ne, akwai SATA, akwai NVMe, kuma ba kowace kwamfuta ke karɓar duka biyun ba, ko da bakin ya shiga. Game da girma, gigabait 128 yana yi amma da matsi, 256 ya ishi ɗan makaranta har ya gama digiri in ba tara fina-finai yake yi ba. Kada kuma a cika shi maƙil, a bar masa ko kashi ɗaya cikin biyar ya yi numfashi.

Maganar RAM ta fi wannan sarƙaƙiya kaɗan, nan ne kuma mutane suka fi asarar kuɗi. Yawancin tsofaffin nan da gigabait 4 suke zuwa, wasu ma 2. A zamaninsu ya isa. Yau kuwa Windows 10 ita kaɗai tana cinye kusan rabin 4 ɗin tun ba ka taɓa kome ba, ka buɗe Chrome da shafi biyar ko shida, ka buɗe Word, filin tasha ya cika. Daga nan sai kwamfuta ta fara mayar da buhuna rumbu tana ɗebowa, nawa ta sauka. Gigabait 8 shi ne daidai ga mai karatu da rubutu da gwajin jarrabawa. T420 da 8470p da ire-irensu suna iya ɗaukar har 16, amma sai mai zanen gini ko haɗa bidiyo ne zai ga amfanin hakan. RAM ɗin da ba ka cikawa ba ya ƙara maka gudu ko kaɗan, kamar faɗaɗa filin tasha ne alhali kayan da ke zuwa ba su cika rabin na da ba.

RAM iri-iri ne, kuma ba sa auren juna. Akwai DDR2, akwai DDR3, akwai DDR4. Kowanne da inda aka yi masa tsaga a bakinsa, don haka wani ba ya shiga gurbin wani, in ka tilasta ka karya. Tarkon yana tsakanin DDR3 da ƙanensa DDR3L. Siffarsu ɗaya, tsagarsu ɗaya, amma na farko da wuta bolt 1.5 yake aiki, na biyu da 1.35. Kwamfutocin da suka fito daga 2013 masu ƙwaƙwalwar Intel zubi na huɗu, irin su EliteBook 840 ta farko, DDR3L suke so. Ka sa musu ɗayan, ya shiga daram, ka kunna, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Hanyar gane su mai sauƙi ce: ka karanta 'yar takardar da ke manne a jikin wanda ke ciki. PC2 shi ne DDR2, PC3 shi ne DDR3, PC3L shi ne DDR3L, PC4 kuma DDR4. Abin da ka gani a rubuce, shi za ka nema. Ka kuma duba ko gurbi nawa kwamfutar take da shi, guda nawa ne a cike. In gurbi biyu ne kuma guda na ɗauke da 4, sai ka ƙaro 4 irinsa. Biyu masu kama da juna sun fi guda ɗaya babba sauri kaɗan, domin ƙofa biyu ake ɗiba a lokaci guda. Wani abu kuma: Windows mai lamba 32 ba ta iya amfani da abin da ya kai gigabait 4 cikakke, kome yawan abin da ka zuba mata. Sai mai lamba 64.

Batir da caja ba sa ƙara sauri, sai dai a garin da wutar lantarki ke zuwa sa'ad da ta ga dama, kwamfutar da ba ta riƙe caji rabin kwamfuta ce. Batiran waɗancan tsofaffi daga waje ake zare su, sabo kuma yana samuwa, ko da yake na kasuwa ba kasafai yake kai na asali ba. In ka ga batir ya kumbura yana ɗaga allon rubutu, a cire shi nan take, kada a huda shi, kada a jefa shi wuta ko juji inda yara ke wasa. Caja kuwa a duba lambobin da ke bayanta su dace da waɗanda ke ƙarƙashin kwamfutar. Dell yawanci bolt 19.5 take sha, Lenovo 20. Cajar araha mara nauyi, wadda ake sawa a ƙaramin janareto mai hawa da sauka, ta kashe kwamfutoci fiye da tsufa. Araha ba ta ado. In kuma kullum ka kunna sai ka tarar agogo da kwanan wata sun koma baya, wani ɗan batir ne mai kamar kwabo a ciki ya mutu, canza shi ba wuya.

Ba kowace tsohuwa ce ta cancanci wannan wahala ba, gaskiya ɗaya ce. Ka duba sunan ƙwaƙwalwar. In ka ga Core i5-2520M, lambar farko bayan ɗan layin tana nuna zubi na biyu ne, na 2011. I5-3320M zubi na uku. I5-6300U zubi na shida. Haka har gaba. Daga zubi na biyu zuwa sama, Core i3 ko i5 ko i7, gyara yana biyan kuɗinsa. Core 2 Duo, wadda ta fara fitowa a 2006, tana iya rubutu da karatu in aka sa mata SSD, amma ba zan ba da shawarar a zuba mata kuɗi da yawa ba. Waɗanda suka fi ban takaici su ne ƙananan nan masu kyan gani marasa nauyi, masu Celeron ko Atom da ma'ajin gigabait 32. Da yawansu RAM da ma'aji duk a like suke da babban allo, ba abin da za ka cire balle ka ƙara. Sau da yawa baƙar tsohuwa mai kauri ta 2012 ta fi su amfani. Ita ƙwaƙwalwar kanta, a wasu tsofaffi ana iya zare ta a sa wata, amma ribar kaɗan ce, zafin kuma ƙaruwa yake, waɗanda lambarsu ta ƙare da U kuwa a like suke. A ganina, in lissafin gyara ya haura rabin kuɗin wata ta hannu da ta fi taka ƙuruciya, ko kuwa allon kallo ya fashe, maratayin murfi ya karye, gara a tara kuɗin a yi gaba.

Akwai kuma wani bango da sukudireba ba ya rusawa. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, ya kuma daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da ƙarin wa'adin shekara guda ga wanda ya yi rajista. Windows 11, wadda ta fito a 2021, a ƙa'ida ba ta karɓar ƙwaƙwalwar Intel da ta gaza zubi na takwas. Ma'ana duk kwamfutocin da na ambata a sama an bar su a baya. Wannan ba ya nufin za su daina aiki. Abin da ake nufi shi ne ba za a ƙara toshe musu ramukan da ɓarayin intanet ke bi ba. Mai gwajin jarrabawa da buga takardu ba tare da shiga intanet ba, ba abin da ya sha masa kai. Amma mai shiga asusun banki ko mai harkar POS ya yi tunani. Akwai masu gyara da ke tura Windows 11 ta ƙarfi ta bayan gida, tana kuma yi, sai dai kamfanin bai ɗauki alkawarin kula da ita ba. Hanya ta uku ita ce Linux, manhajar kyauta wadda ɗalibi ne ma ya fara ta, Linus Torvalds, a ƙasar Finland a 1991. Irinta mai suna Linux Mint ta yi kama da Windows, ba ta da nauyi, tana zuwa da LibreOffice na rubutu da lissafi. Sai dai kafin ka koma can, ka bincika ko manhajar gwajin JAMB da kake amfani da ita tana aiki a kai, domin galibinsu don Windows aka yi su.

Saura maganar zuwa kasuwa, wadda a wurinmu ba ƙaramar magana ba ce. Ɗan Kano in ya sayo RAM bai yi ba, sai ya hau A-daidaita-sahu ya koma titin Beirut ko Farm Centre ya canza. Mu kuwa daga Shinkafi ko Zurmi sai ka zo Kaura, daga Kaura ka kama hanyar Gusau, in ba a samu ba a aika Kano. Ga kuɗin mota, ga kuma halin da hanyoyin nan suka shiga a shekarun nan na 'yan bindiga, wanda ba sai na faɗa wa kowa ba. Ba tafiya ce da za a yi sau biyu saboda kuskuren harafi guda ba. Don haka matambayi ba ya ɓata: a juya kwamfutar a kwafe cikakkiyar lambarta, a ɗauki hoton takardar RAM da na faifai da waya, a tura wa mai kanti ko ɗan'uwan da za a aika tun kafin a tashi. In da hali a tafi da kwamfutar a sa kayan a gaban mai saye, a kunna, a ga sun nuna. Akwai jabun SSD da ake rubuta wa 512 alhali cikinsa bai kai kwata ba, akwai kuma wanda aka tatse a wani wuri aka sake masa kwali. Ƙananan manhajoji biyu na kyauta suna tona asirinsu: CrystalDiskInfo tana nuna awa nawa ma'aji ya yi yana aiki da sauran lafiyarsa, H2testw kuma tana cika shi ta auna girmansa na gaskiya. Mai kantin kirki ba ya jin haushin gwaji. A kuma nemi rasit da sharaɗin mayarwa ko na mako guda ne.

Aikin kansa ba ya cin rabin awa ga wanda ya natsu. Da farko a kwashe duk abin da ake so, hotuna da takardu da darussa, a zuba a filas ko wata kwamfuta. A kashe ta sosai, a zare caja, a cire batir, a danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wutar ta fita. Lokacin hunturu jikin mutum yakan tara wata wuta, irin wadda ke ba ka tsat in ka taɓa ƙofar mota ko ka cire rigar sanyi cikin duhu. Kai ba ta yi maka kome, amma tana iya kashe RAM nan take. Saboda haka a taɓa ƙarfen taga ko famfo kafin a sa hannu ciki, a riƙe kayan ta gefe-gefe, kada a taɓa haƙoran nan masu ruwan zinariya. Sukurorin ƙanana ne kuma tsawonsu ba ɗaya ba, a jera su a murfin kwano bisa tsarin da aka kwance su, domin dogo in ya shiga ramin gajere yana iya huda allo. RAM a karkace ake soka shi, sa'an nan a danna ƙasa har 'yan ƙarafan gefe su ce ƙas. Wanda hannunsa ke rawa ya kai wa mai gyara, ba abin kunya ba ne, amma ya tsaya a wurin ya kalla, ya kuma karɓi tsohon faifansa ya tafi da shi, domin duk sirrinsa yana ciki.

SSD sabo fanko yake zuwa. Ko dai a kwafe tsohon faifai gaba ɗaya a kansa da manhaja irin Clonezilla, ko kuma a zuba sabuwar Windows daga filas mai gigabait 8. Na fi son na biyu, domin kwafewa tana tahowa da duk tarkacen shekara goma da ƙwayoyin cutar da aka ɗebo a shagunan tura waƙa. Sai dai a tanadi kome tun da wuri a inda intanet ke da ƙarfi. Waɗanda suka ga watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya, sun san cewa abin da ke cikin na'urarka shi ne naka, abin da ke intanet aro ne. Littattafai da tambayoyin baya da ƙamus, a sauke su a ajiye.

Tsohon faifan kuma kada a yar. Ana sayar da wani ɗan gida da ake saka shi ciki, mai igiyar USB, sai ya koma rumbun waje. In kwamfutar tana da gurbin faifan DVD wanda ba wanda ke amfani da shi yanzu, akwai wani ƙarfe mai siffar gurbin da ake zura tsohon faifan ciki a mayar, kaurinsa milimita 12.7 ko 9.5, sai a auna kafin a saya. Ta haka Windows tana zaune kan SSD, fina-finai da hotunan biki suna kan tsohon. Aikin makaranta kuwa a riƙa ajiye shi wuri biyu duk ranar Juma'a, domin tsohon faifai in zai mutu yakan yi ƙara da gargaɗi na kwanaki, shi kuwa SSD ranar da zai tafi ba ya sallama.